Mai Masaukin da Ba Ya Karɓar La'ada

A tashar motocin Djougou da ke birnin Parakou a ƙasar Benin, Zakiyya mai gyaran salula tana kallon wani dattijo da ke zaune a bencinta. Goro ya rina haƙoransa, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, takardar asibiti tana leƙowa daga aljihunsa.

Ta ce, "Baba, na sa maka abin bincike na intanet a wayarka, wanda ba ya ajiye sirrin mutum, balle ya sayar. Kuma kyauta ne."

Ya ɗago kai. "Kyauta? To 'yata, masu shi me suke ci?"

"Wai gudummawar jama'a."

Zakiyya tana jin irinsu ne suka tashi a Zongo, unguwar fatake, zamanin da mai masauki ke adana kayan fatake da sirrinsu, ya karɓi la'adarsa a gaban kowa.

Ya ce, "Mu da mun san abin da mai masaukinmu yake ci, shi ya sa muke barci."

Sai ya ja hannun riga ya rufe fuskar wayar, ya soma kwafe abin da likita ya rubuta cikin abin binciken, harafi bayan harafi.