Dutsen Murhu Mai Ɗumi

Kakarmu, Iya Dije, ba ta yin tatsuniya sai an sauke tuwo. A gidanmu na Dugabau, da an idar da isha'i sai mu kewaye murhu, ita tana gasa mana gyaɗa a toka. Dokarta ɗaya ce: kada ƙafar kowa ta taɓa dutsen murhu. Wata rana na miƙe ƙafa na ture ɗaya, ta maka mini muciya a ƙauri. Har yau in sanyi ya sauko wurin yana tuna mini.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "mai fitsarin kwance ya koma bayan uwarsa."

Wai an yi wani ƙato, Gagarau, da ya shiga daji zai faɗaɗa gona. A gindin kuka ya tarar da duwatsu uku baƙaƙe. Tun yana yaro uwarsa ta gaya masa, in ya ga irinsu ya taɓa. In da ɗumi, ya bar wurin, gidan wani ne. Gagarau ya duba, babu katanga, babu zaure, ya ce shi bai ga gida ba. Ya yi fatali da duwatsun, ya cinna wa ciyawa wuta. Ashe 'ya'yan wata tsohuwar daji na barci a ciki. Iya takan kwaikwayi kukansu, siriri, har tsikar jikinmu ta tashi. Tsohuwar ta dawo daga rafi ta tarar da ƙasusuwa. Ba ta yi kuka ba. Ta ƙulle duwatsunta a zani, ta bi sawunsa.

Ta ajiye su kewaye da gidansa. Kafin asuba sun zama tsaunuka, gidan yana zaune a tsakiya kamar an ɗora girki. Ta durƙusa ta hura wuta. Gagarau ya sari dutse da gatari, gatarin ya dawo ya tsarge masa ƙafa. Ya kama zai hau, fatar tafinsa ta manne a jiki. Yana ihu yana cewa ai gida ne, akwai mutane a ciki.

A nan Iya kan sassauta murya, ta ari bakin tsohuwar: "Ina katangar? Ina zauren? Ni tukunya na gani."

Wannan tatsuniyar kaɗai ce ba ta rufewa da ƙurunƙus kan ɓera. Sai dai ta ture mana gyaɗa ta ce a ci.

Bara ɗana Habu, wanda yake tuƙa katafila wurin wani ɗan kwangila a Gwarzo, ya dawo da la'asar ya ƙi taɓa abinci. Na ƙyale shi har ya buɗe baki da kansa. Wani ne ya sayi fili a hanyar Kabo, kuma wasu mutane da suka gudo daga yamma saboda 'yan bindiga sun kafa bukkokin kara da buhu a ciki. An ce da safe ya baje su. Ya yi wa maigidansa magana, shi kuwa ya ce masa ba komai, wurin ba residential ba ne.

Ni da girmana na yi yaƙi da jahilci, sabuwar kalma ba ta wuce ni. Na sa ya rubuta mini ita da tsinke a ƙasa. Ya ce ana faɗinta ne ga wurin da aka ware don zaman mutane, ba kasuwa ba, ba gona ba, ba masana'anta ba.

Na ce, "To su waɗannan me suke yi a can?"

"Zama suke yi, Inna. Ba a rubuta ba ne kawai."

Ban ce kada ya je ba. Da aikin muke ci, ga matarsa da tsohon ciki. Na dai ce kafin ya tayar da inji, ya sauka ya taɓa dutse.

Da safe ya taɓa dutsen murhun wata bukka, har ya ƙone. Ya leƙa bukkar, ga jariri a ƙarƙashin buhu, uwar ta tafi ɗibar ruwa. Ya zare makulli ya ce ba zai hau ba. Maigidan ya mare shi, yaransa suka rufe shi da duka, da ƙafa, da gora. A bayan babur aka kawo mini shi, jini ya jiƙa gaban rigarsa, haƙori ɗaya babu, aiki ma babu. Ni na gasa masa fuska da ruwan zafi, don ni na aike shi.

Daga baya an samo wani direban, an baje wurin. Sai dai hayaniyar ta sa mutanen sun kwashe yaransu da tukwanensu tukuna.

Da ina yarinya na ɗauka azabar Gagarau ce darasin. Yanzu na gane maganar uwarsa ce, wadda bai ji ba. Kalmar Habu tana tambayar wa ya rubuta. Iya Dije tana tambayar wa ya hura wuta.

Uwar jaririn nan a bayan dangarmu take yanzu. Da duwatsunta ta zo, ƙulle a zani. Ban san abin da aka rubuta wa bayan dangarmu ba. Yau da safe dai da na kai mata gishiri na sunkuya na taɓa, akwai ɗumi.