Ƙanƙarar Sani a watan Yuli

Jama'a, yau asirin wani ya tonu a hannuna!

Kwana biyar ke nan ina tsaya wa abokin aikina Sani gadi a unguwar Gharrafa, nan Doha, cikin wannan uwar rana. Ya ce yayansa ya tafi da shi ƙasar Jojiya, wani dutsen da ake wasan sulu a kan ƙanƙara. Kullum sai ya turo hoto, ga jibgegiyar rigar sanyi, ga ƙanƙara har gwiwa.

Ɗazu Dakta Bashir, mai gida na uku a layin, ya dawo daga hutu. Ashe can ya je! Na nuna masa hoton. Ya ce, "Malam Habu, ƙanƙara a Yuli? Ai yanzu ciyawa ce kore shar, sai shanu. Da 'yar shat na hau dutsen."

Na ƙura wa hoton ido. Bayan Sani, wallahi, ga ƙofa da rubutun Larabci! Ɗakin wasan ƙanƙarar nan ne na cikin mol, babban kantin nan na Doha!

Na kira shi. Wai sanyi ya hana shi magana. Ni kuwa ina jiyo ladanin masallacin unguwarmu ta Bin Mahmud a bayansa!

Sani, na ga ka karanta wannan saƙo a guruf. Gobe ƙarfe shida, bakin get. Ka zo da rigar sanyin, a cikinta za ka tsaya.