Agogon Hammajoda Ya Je Makka

Shekara talatin da ɗoriya Malam Hammajoda ya yi yana gyaran agogo a wata 'yar rumfa a unguwar Ɗan Iya. Iyayensa makiyaya ne, amma shi tun yana saurayi ya ce saniya ba ta san alƙawari ba, ya shigo gari. Agogon hannunsa kuwa, wani tsoho irin wanda ake murɗawa da hannu, ya fi yarda da shi a kan rediyo. In aka fara labarai lokaci bai cika a agogonsa ba, sai ya ce mutanen gidan rediyon ne suka yi gaggawa.

Da 'yarsa Habibatu ta biya masa kujerar Makka, sai ya ga an rubuta a takarda cewa jirgi zai tashi daga Bauchi ƙarfe goma na safe, ya sauka Jidda biyar na yamma. Ya lissafa awa bakwai. Maƙwabcinsa Elias, tsohon malamin makaranta, ya ce masa tafiyar kilomita dubu uku ce da wani abu, awa biyar ta isa, sauran biyun bambancin lokaci ne. Har lemo ya ɗauko yana juya masa a gaban tocila. Hammajoda ya saurara da ladabi, ya karɓi lemon ya ɓare.

"Malam Elias, lokaci ɗaya Allah ya halitta," in ji shi.

Jirgi ya sauka agogonsa na nuna ƙarfe uku, na bangon filin jirgin na nuna biyar. Sai tausayin mutanen ya kama shi: ƙasa mai arziki haka, a ce ba mai gyara. Ya yi nadamar barin kayan aikinsa a gida.

Kwana talatin da tara ya yi a kan lokacin Bauchi. Salla dai yana bin kiran ladan, don ya ga ita ma rana ta goyi bayansu. Amma abinci, in an ce ƙarfe ɗaya, sai ya iso ƙarfe ɗaya na agogonsa, ya tarar an wanke tukwane. Dabino da shayi suka riƙe shi, har wandonsa ya fara neman zamewa.

Ana gobe za su taso yunwa ta ci ƙarfinsa. Ya juya baya don kada alhazai su gani, ya tura agogon gaba da awa biyu, ya ci shinkafa da kaza har da ƙari.

Suka bar Jidda ƙarfe biyu, suka sauka Bauchi agogon filin jirgi na nuna biyar. Awa uku ke nan. Ya gaya wa masu zuwa yi masa barka cewa zuwa hawa ne, dawowa gangara, shi ya sa.

Matarsa Zakiyya ce ta fara lura nasa agogon yana gaba da na kowa.

"Alhaji, ba za ka mayar da shi ba?"

"Agogon da ya yi ɗawafi? Sai dai Bauchi ta taho ta same shi."

Har yau yana rumfar. Na mutane yakan saita su daidai da lokacin gari, ba ya ha'inci a sana'a. Masu keke Napep in sun tsaya tambayarsa ƙarfe nawa, sukan yi godiya, su cire biyu a zuci, su wuce.