Ranar da Aka Ɗora Malam a Sikeli

Maigidana mai gyaran firji ne, amma idan baƙo ya tambaye shi sana'arsa sai ya ɗan yi tari kafin ya amsa, don a ransa shi matuƙin jirgin sama ne, firji kuwa abin da yake taɓawa ne kafin Asabar ta zo. Ciwon ya kama shi ne ranar da aka kira shi gyaran na'urar sanyaya ɗaki a ofishin wata ƙungiya ta masu tuƙa ƙananan jirage don nishaɗi, can gefen filin jirgi. Ya fita da jakar kayan aiki, ya dawo da wani littafi mai kauri, bakinsa har kunne. Shekara uku yana koyo kafin a ba shi lasisi.

A unguwarmu ta Zongo, nan Lomé, kuwa ya sha baki. Wasu na kiran sa kaftin, wasu direban fara. Tsofaffin mata kan tare ni a hanya su tambaye ni ko zai rage musu hanya zuwa Makka. Da suka ji jirgin kujera biyu ne, kuma in ya tashi zagaye yake yi ya dawo inda ya baro, sai suka ce Allah ya ba shi lafiya.

Ni ce na fi shi nisa a makarantar Faransanci, don haka ni nake riƙe masa littafin ina yi masa tambayoyi. Da haka karatun ya shige ni ba da niyyata ba. Na san cewa ɗan jirgin nan yana da iyakar nauyin da yake ɗauka, idan an haɗa direba da fasinja da mai. Na san idan rana ta yi zafi iska kan saki, fiffike ya rasa abin kamawa, jirgin da aka cika wa kaya ya cinye titinsa kaf bai ɗaga ba, ko ya ɗaga kaɗan ya kasa haye rufin mutane. Shi ya sa dokar ƙungiyar ta ce kafin kowane tashi direba ya ɗora fasinjansa a sikelin da ke rumfar jiragen, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu. Ba a tambayar mutum nauyinsa, ɗora shi ake yi. Wanda ya kafa dokar nan ya san halin ɗan Adam, sai dai bai san Bahaushe da surukinsa ba.

Mahaifina limamin masallacin layinmu ne, kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Allah ya ba shi ilimi, ya ba shi jiki, kuma a duka biyun bai yi masa rowa ba. Da farko ya ƙi jinin maganar jirgin. Cewa yake yi mutum da iyalinsa ya je ya rataya kansa a sama, ba fatauci ba, ba aikin hajji ba, wannan ai neman magana ne. Ana nan, wata Juma'a bayan an sauko, maigidana ya je gaishe shi, sai Malam ya ce, yana kallon gefe kamar yadda ya saba:

"Gobe in Allah ya kai mu, idan na tashi daga karatun safe, ina so a nuna mini masallacin nan ta sama."

Maigidana yana tsugune, kansa a ƙasa, ya ce, "To, Malam."

Me zai ce? Shekara goma sha huɗu da aurenmu bai taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gaban Malam ba. Bai taɓa kallon tsabar idonsa ba. In ya hango shi a bakin layi yana kan babur, sauka yake yi ya tura.

Da la'asar ina zazzage aljihun rigarsa zan yi wanki, sai ga takardar tashi, ya riga ya cike ta tun kafin goben. A gurbin nauyin fasinja ya rubuta kilo tamanin da biyar. Ni kuwa ni nake raka Malam asibiti a Tokoin saboda hawan jini, katinsa ma a jakata yake kwana. Awon ƙarshe ɗari da ashirin da ɗaya ne.

Na same shi a tsakar gida yana kwance wani firji. Na ce, "Baban yara, wane ne mai kilo tamanin da biyar?"

Ya ce, "Malam."

Na ce, "Daga cibiya zuwa sama, ko daga cibiya zuwa ƙasa?"

Bai yi dariya ba. Ya ce babbar riga ce ke ƙara wa Malam girma a ido. Na ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, balle ga kati. Ya ce zai rage mai. Na ɗauko littafinsa na yi masa lissafin a gabansa, ko da man kofin shayi za su tashi sun wuce iyaka, ga shi Malam ba ya tashi daga karatu sai rana ta take. Sai ya aje sukudireba ya dube ni kamar zai yi kuka.

"Pardon, ke ki gaya mini. In ce wa surukina ya cire takalmi ya hau sikeli kamar buhun masara? In kuma ce masa ya yi nauyi, ya koma gida? Da wane bakin? Ai ubanki ne, ki gaya masa."

Nan ya kama ni. Ni ce 'yar fari. Tun da aka haife ni Malam bai taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ni, ko "waccan". Tsakanina da shi gaisuwa ce da katin asibiti. Ko likita ya ce a rage masa tuwo, ƙanwata nake aikawa ta faɗa.

Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Maza biyu gare ni a duniya, gobe za su shiga gwangwani ɗaya, ɗaya yana kunya ɗaya bai san komai ba. Haushi kuma ya biyo baya. Mutumin da zai tsaya ya zagaya jirgi sau biyu yana taɓa kowace kusa, yana leƙa mai a kwalba ko ruwa ya shiga, shi ne zai zauna ya ƙirƙiri ƙarya ya sa mata hannu don kada a ce ba shi da tarbiyya.

Na bar wankin a jiƙe, na hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa kasuwar Hédzranawoé wurin Gwaggo. Gwaggo 'yar kawun Malam ce, wato taubashiyarsa, kuma duk faɗin Lomé ita kaɗai al'ada ta ba izinin faɗa masa abin da ta ga dama, ya haɗiye. Shekara sittin kowa na cewa ɗan'uwansa ne bawansa, har yau ba a raba gardamar ba. Gwanjo take sayarwa, siririya ce kamar tsinken tsire, ba ta da kaya mai nauyi a jikinta sai harshe. Na zayyana mata komai. Ta yi dariya har ta kwanta a kan dilar riguna, sannan ta share hawaye ta ce:

"Ku yaran lakwal, 'yan boko, kun iya tashi sama, ba ku iya buɗe baki ba. Je ki, bar ni da ƙaton."

Washegari Malam ya iso filin da shirinsa na Idi, riga uku, rawani, carbi mai dubu, ga lema. Jirgin na tsaye a bakin rumfa, fari, ɗan firit, ni dai da na dube shi na dubi Malam sai na ga kamar Malam ne ya kamata ya ɗauki jirgin. Maigidana na ta zagaye da takardarsa a hannu, zufa ta jiƙa masa baya, bai ko kalli kusurwar da sikelin yake ba.

Sai ga Gwaggo ta faɗo kamar an jefo ta.

"A'a, bawana! Ashe gaskiya ne za a kai ka sama? Na ce bari in zo in ga abin al'ajabi, giwa a bayan sauro."

Malam ya ce, "Wa ya kwance wannan baiwar ya bar ta tana yawo? Koma kasuwa, nan wurin manya ne."

Ba ta kula shi ba. Ta yi kamar yanzu ta ga sikelin, ta cire silifas ta haye. Allura ta ɗan motsa don kunya, ta tsaya a arba'in da tara.

"Ka gani? Ni da gumina nake ci. Zo mu ga inda tuwon suna da na walima na shekara arba'in ya shiga."

Ya ce, "Ba na wasa da yara."

Ta tafa hannu. "Jama'a ku zo ku gani! Mutumin da kullum yake tsorata mu da mizani, wai za a auna mu ranar gobe, yau ga ɗan mizanin duniya ya kasa hawa. Ai shi ke nan, gobe sai Zongo ta ji, tun daga bakin masallaci."

Na san za ta aikata, shi ma ya sani. Ya miƙa mini lemar ba tare da ya dube ni ba, ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya hau. Allurar ta zabura, ta wuce tamanin da biyar ko sallama ba ta yi ba, ta wuce ɗari, ta je ɗari da ashirin da uku ta tsaya tana karkarwa.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Ita kaɗai. Ni na sunkuyar da kai, maigidana kuwa ya ƙame da takardar a hannunsa. Malam ya shekara arba'in yana karantar fuskar ɗalibin da bai yi tilawa ba, don haka bai sauko daga sikelin ba sai da ya gama karanta mu.

Ya ce, "Awon nan, wasan baiwar nan ne, ko dokar wurin ce?"

Maigidana ya tsuguna. "Doka ce, Malam."

"Nawa ya kamata wanda zai zauna kusa da kai ya kai?"

"Kada ya wuce casa'in, Malam."

"Kai nawa ka rubuta?"

Maigidana ya dubi takardar da ke hannunsa. Malam ya miƙa hannu, aka ba shi takardar. Ba ya karanta Faransanci, amma lamba ba ta da yare. Ya daɗe yana kallon ta. Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi, amma da ya buɗe baki a hankali ya yi magana.

"Kai kana bin bayana salla. Idan na tashi raka'a ta biyar, me kake yi?"

"Ina cewa subhanallah, Malam."

"Ba ka jin kunyata a lokacin?"

Maigidana ya ƙara sunkuyar da kai.

"A can, ni ne a gaba, amma ka iya tsayar da ni. A nan kai ne a gaba, rai biyu a hannunka, ka rasa bakin magana. Tashi tsaye."

Ya tashi.

"Dube ni."

Wallahi na ga wuyan mutumin nan yana ɗagowa kamar ana jan sa da igiya. Karo na farko ke nan da idonsu ya haɗu.

"To, faɗa mini abin da dokarku ta ce ka faɗa."

Maigidana ya buɗe baki. Muryarsa ta fito 'yar siririya, irin wadda ban taɓa ji a gida ba. "Malam, ba za ka hau ba."

"Ban ji ba."

"Ba za ka hau ba, Malam. Ka yi wa jirgin nauyi."

Malam ya gyaɗa kai, ya yaga takardar biyu ya miƙa masa, ya sauko ya sa takalminsa. Gwaggo ba ta bari wurin ya huce ba. Ta ɗaure ɗankwalinta tamau ta ce tun da an riga an zuba mai, kuma bawa ya gaza, ai sai uwargijiyarsa ta je ta duba masa masallacin, in akwai inda yake yoyo ta faɗa masa. Maigidana ya ɗauko sabuwar takarda, ya sa ta sake hawa sikelin, ya duba da idonsa, ya rubuta. Ya ɗaure mata ɗamara, ya sa mata abin ji a kunne, tana ta ba shi umarnin ya bi ta kan kasuwa don maƙwabtan rumfarta su gani.

Muka koma inuwar rumfa ni da Malam, tsakaninmu kamar taku uku, kamar kullum. Ina ta cije leɓe don dariya, ina tsara yadda zan ba ƙannena labari. Jirgin ya tafi can ƙarshen titi, ya juyo, ya taho da gudu. Ko da Gwaggo da ba ta kai buhun siminti ba, sai da ya ci titi mai tsawo a zafin nan kafin ƙafafunsa su bar ƙasa. Ya ɗaga a hankali, ya haye katanga, ya haye rufin gidajen da ke bayanta. Malam ya bi shi da ido, carbinsa ya tsaya a hannunsa.

Bai juyo ba ya ce, "Ke kika kirawo ta."

Na ce, "Ni ce, Malam."

Ƙarar jirgin ta yi nisa. Sannan ya matso taku ukun nan, ya karɓi lemarsa daga hannuna, ya buɗe ta a kanmu mu biyu, alhali a inuwa muke.

Ya ce, "Da ni ne a ciki, da yanzu ke kaɗai ce tsaye a nan."

Dariyar da nake ta tanadi tun safe ban san inda ta bi ba. Na rufe fuskata da mayafi na yi ta kuka, shi kuwa ya riƙe lemar bai ce in daina ba.