Kamaluddeen, Ka Tafi Ban Taɓa Wuce Ka Ba

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, bayan la'asar, aka kira ni daga Zurmi cewa Allah ya yi wa abokina Kamaluddeen Halilu rasuwa, bayan zazzaɓin da bai cika mako ba. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Kamalu, masu yabonka sun yi yawa a wurin zaman makoki, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni nawa yabon da kishi a cikinsa, ka kuwa san haka tun kana raye.

Tare muke shirin jarrabawar neman gurbin karatu, wadda ake gwada kaifin tunani a cikinta. Kowace Asabar kai ne kake goya ni a babur zuwa Ƙaura Namoda, ajin Malam Patrick. Ba ka taɓa barina a hanya ba, ko ranar da na yi fushi na ƙi yi maka magana. Malam zai rubuta tambaya a allo, ina kan karanta layi na biyu, kai har ka ɗaga hannu. Wallahi abin yana ci mini rai.

Da ka ga na kasa gane tambayoyin littafi, sai ka riƙa mayar da su zancen gida. Wata rana muna hanya ka ce, “Duk ɗan Shinkafi yana kiwo. Baba Tsoho yana kiwo. Ɗan Shinkafi ne?” Na ce sosai ma. Ka yi dariya har babur ya nemi ƙwacewa, ka ce, “Muttaka, ashe kakarka mai akuya uku a Birnin Tsaba 'yar Shinkafi ce.” Tun ranar ban sake faɗawa wannan tarko ba, amma na kwana biyu ina jin haushin cewa daga bakinka na koya.

Burina ɗaya ne: a kafe sakamako, sunana a saman naka, ko da maki guda. Don shi nake karatu, ba don jami'ar ba. Asabar da ta wuce na riga kowa ba da amsa, Malam Patrick ya ce, “Yanzu kai ne na ɗaya.” Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Wannan na ɗayan ba cinsa na yi ba, bar mini shi ka yi. Duk abin da na samu a jarrabawar nan, mutane za su ce da Kamalu na nan da ya fi haka, ni ma haka zan ce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Halilu, da Inna Rekiya, da ƙannenka Saudat da Khalil. Allah ya ba su haƙuri, ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka. Allah ya sa ka amsa tambayoyin kabari da sauƙin da kake amsa na allo. Ita ce jarrabawar da ta fi kowace, kuma ko ita ka riga ni shiga.