Nafilar Yaya Isufu

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Isufu, kuma har yau idan na ji an ce wa mutum "ba dole ba ne", sai na tuna shi na yi murmushi.

Bai yi boko mai zurfi ba. Kaya yake ɗagawa a wani sito da ke titin Wendover Avenue a nan ƙasar waje da muke zaune, amma ba ka isa ka sa shi ya sa hannu a takardar da bai gane ba. Da 'yarsa Hadiza ta samu gurbin karatu kyauta a jami'a saboda iya gudu, sai ya zaunar da ni na fassara masa dokokin wasannin shafi-shafi. Na gaji tilis, shi ko a jikinsa. Ya riƙe cewa lokacin gasa atisaye ba ya wuce awa ashirin a mako, da hutun kwana guda. Wannan ya kira farilla. Atisayen dogon hutu kuwa, da doka ta ce na ganin dama ne, ya raɗa masa suna nafila.

A shekarar Hadiza ta biyu a jami'a Innarmu ta kwanta ciwo can gida Damagaram, tana ta cigiyar takwararta Hadiza. Hadiza ta ce ba za ta ba. Kocinsu ya nuna musu cewa duk mai son wurinta a ƙungiya, ya riƙa ganinta a fili duk tsawon hutu. Tsoronta kada ta dawo ta tarar gurbin ya tafi, karatu ya tsaya.

Yaya ya sa babbar riga, ya ja ni ofishin kocin in yi masa tafinta. Ni kuwa so na yi mu bar maganar.

Ya ce, "Gaya masa, a wurinmu nafila in ka yi ka samu lada, in ka bari ba ka da zunubi. Tambaye shi, tasu nafilar wace iri ce?"

Na yi gumi kafin na mayar da wannan Turanci. Da kocin ya ji, sai ya ce Hadiza ta tafi, wurinta yana nan.

Mako biyar ta yi a gida. Kullum da safe tana gudu a bayan gari, mutane na tambayar wa ya biyo ta. Inna ta rasu wata biyu bayan dawowarta, ta dai ga takwararta har ta yi mata faɗan rama.

Yanzu littafin dokokin ya ƙara kauri, kuma saƙon koci har cikin waya yake bin ɗalibi. Da Yaya na nan, na san da ya sake zaunar da ni, ya ce mu duba ko saƙon ma yana cikin awa ashirin ɗin. Ina kewarsa ƙwarai, amma raina a kwance yake.

Hadiza yau mataimakiyar koci ce. Kwanan baya na kai mata ziyara, na ga jadawalin dogon hutu manne a ƙofarta. A samansa ta rubuta kalma ɗaya da hannunta: nafila. 'Yan matan da take horarwa ba su iya furta ta daidai ba, amma kowacce ta san za ta iya tafiya gida.