Baƙin Dutsen Sahabi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin shiga aji aka kira ni daga Kebbe. Ramin haƙar zinariya ya rufta da abokina Sahabi. An ciro shi babu rai.



Tare muka taso a Tambuwal. Da na tafi jami'a karatun ilimin duwatsu, shi ya riƙa nome gonar mahaifiyata, bai taɓa yi mini gori ba. Tsokana dai ba ya bari. Ko a gaban ɗalibaina, Malamin Tsakuwa yake ce mini.

Ganinmu na ƙarshe ranar kasuwa ne, kafin damina ta kankama. Ya tsayar da babur, ya zaro wani baƙin dutse daga aljihu, mai sheƙi da santsi.

Ya ce, "Malamin Tsakuwa, duba min wanga. Raminmu duk shi na, shina ɓata hannu kamar gawayi."

Na goga shi a takarda, ya yi layi. Na ce girafait ne, irin bakin fensir. Asalinsa ƙananan halittu ne da suka mutu cikin laka a ƙarƙashin ruwa tun zamanin da babu mutane. Ƙasa ta binne su, zafi da nauyi suka dafa lakar ta zama dutse, su kuma suka rikiɗe suka zama baƙin nan.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ashe fensir nika haƙa ban sani ba!"

Daɗin bayani ya ɗebe ni. Na ƙara masa da cewa ruwan zafi mai ɗauke da zinariya, idan ya biyo tsagar dutse ya gamu da baƙin nan, yakan sauke ta a wurin.

Idonsa ya yi haske. Ya ce, "To shi za mu bi."

Abin da ban gaya masa ba, alhali na sani, na ma rubuta shi a jarrabawa: dutse mai girafait ba ya riƙe bango. Santsi gare shi, in ya sha ruwa zamewa yake.

Jiya an yi ruwa a Kebbe. Yau da asuba ya shiga ramin.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma wallahi zuciyata ta ƙi kwanciya.

Duk mai ɗan'uwa a ramukan can, don Allah ka kira shi yau. Inda bango ya yi baƙi yana santsi, su fito.

Allah Ya jiƙan Sahabi, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya 'ya'yan da ya bari. Ku sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara, don rabin magana na gaya masa.